Gwajin Kai-Sikwaya: Yadda Ake Gane Ko Abubuwa Biyu Suna Da Alaƙa Ko Dace Ne Kawai

Duk wanda ke yawan leƙa Facebook ko X ya saba ganin irin waɗannan maganganu: masu wayar kaza sun fi sayen kaya ta intanet, mata sun fi maza danna talla, wannan hoton ya fi wancan jawo masu saye. Galibi akan haɗa maganar da kaso cikin ɗari, sai ta yi kama da gaskiyar da babu ja a cikinta. Amma bambancin da ido ke gani a lambobi iri biyu ne. Akwai mai tushe, akwai kuma wanda dace ne kawai ya kawo shi, wanda in aka sake ƙirgawa gobe sai a tarar ya ɓace, ko ma ya juya.

Kasa rarrabe waɗannan biyun yana jawo asara. Mai haɗa manhaja zai iya kwashe makonni yana sauya fasalin shafi saboda bambancin da babu shi. Mai sana'a zai iya zuba kuɗin talla a kan hoton da bai fi ɗan'uwansa da komai ba. Ɗalibi kuma zai iya rubuta sakamakon da ba haka yake ba a binciken kammala karatunsa. Wannan darasi zai nuna hanyar da masana ƙididdiga ke bi su raba gardama, kuma duk lissafin ana iya yin sa da wayar hannu.

Mene ne kai-sikwaya?

A littattafai da manhajoji ana rubuta sunan Chi-square, ko a sa alamar χ². Alamar harafi ce ta Girkanci da ake furtawa “kai”, shi ya sa ake cewa kai-sikwaya. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Karl Pearson, ya fito da gwajin a shekarar 1900. A 1922 Ronald Fisher ya gyara wani ɓangare na lissafin, kuma gyararren ne ake amfani da shi har yau.

Bayanan da ake tarawa iri biyu ne. Akwai bayanan awo, kamar farashin waya, nauyin mutum, ko yawan awannin da batir ke yi. Akwai kuma bayanan rukuni, inda kowane mutum ko abu yake faɗawa cikin aji guda: Android ko iPhone, mace ko namiji, ya danna ko bai danna ba, ya ci jarrabawa ko ya faɗi. Ba a auna bayanan rukuni, ƙirga su ake yi.

Kai-sikwaya a kan bayanan rukuni yake aiki. Tambaya ɗaya yake amsawa: sanin rukunin da mutum yake a abu na farko, yana ƙara haske kan rukunin da zai faɗa a abu na biyu? In yana ƙarawa, akwai alaƙa. In ba ya ƙarawa, kowanne harkar gabansa yake yi.

Bayanan da za a yi aiki da su

Da yawa sun san labarin jirgin ruwan Titanic ta fim ɗin 1997. Jirgin ya taso daga Ingila zai tafi Amurka, ya yi karo da dutsen ƙanƙara a Tekun Atlantika, ya nutse ranar 15 ga Afrilu, 1912. Mutum fiye da 2,200 ne a ciki, kusan 1,500 suka rasu. Kwale-kwalen ceto 20 kacal ke cikin jirgin, kuma ba su isa ɗaukar kowa ba.

Shafin Kaggle, inda masu koyon nazarin bayanai ke atisaye, yana da fayil kyauta mai suna train.csv da ke ɗauke da bayanan fasinjoji 891 daga cikinsu. Tambayar ita ce: akwai alaƙa tsakanin jinsin fasinja da tsirarsa?

Mataki na 1: A shirya jadawalin ƙirga

| | Sun tsira | Sun rasu | Jimla |
|---|---|---|---|
| Mata | 233 | 81 | 314 |
| Maza | 109 | 468 | 577 |
| Jimla | 342 | 549 | 891 |

Lambobi huɗun da ke tsakiya su ne “abin da aka gani”. Kusan kashi 74 cikin ɗari na mata sun tsira, maza kuwa kusan kashi 19 ne. Ido kaɗai ya ga tazarar, kuma da gangan aka fara da misali bayyananne domin hankali ya tattaru a kan yadda lissafin ke tafiya. Misalin da ido ke ruɗuwa a kansa yana nan gaba.

Mataki na 2: A ƙaddara babu alaƙa

Gwajin yana farawa da zaton cewa babu wata alaƙa, sannan ya duba ko lambobin za su ƙaryata wannan zato. Kamar kotu ne: wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai shaida ta yi ƙarfi.

In da jinsi ba shi da ruwa da tsira, da kason da ya tsira ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Mutum 342 cikin 891 suka tsira, wato kashi 38.4 cikin ɗari. To da kashi 38.4 na mata ne za su tsira, haka ma kashi 38.4 na maza. Daga nan ake samo “abin da ake sa ran gani” a kowane gurbi. Ƙa'idar ita ce: a ninka jimlar layin kwance da jimlar layin tsaye, a raba da babbar jimla.

Matan da suka tsira: 314 × 342 ÷ 891 = 120.53
Matan da suka rasu: 314 × 549 ÷ 891 = 193.47
Mazan da suka tsira: 577 × 342 ÷ 891 = 221.47
Mazan da suka rasu: 577 × 549 ÷ 891 = 355.53

Kada ɗigon da ke cikin lambobin ya dami mai karatu. Babu rabin mutum, amma wannan lissafin zato ne, ana barin sa da ɗigonsa.

Mataki na 3: A auna tazarar

A kowane gurbi za a yi abu uku. A cire abin da ake sa rai daga abin da aka gani. A ninka sakamakon da kansa. A raba da abin da ake sa rai.

Ninka lamba da kanta yana hana tazarar da ta yi sama da wadda ta yi ƙasa cinye juna, domin in aka tara su haka nan, kullum sifili za a samu. Rabawar kuma tana ajiye tazarar a ma'auninta. Bambancin mutum 10 babban abu ne inda ake sa ran 20, amma ba komai ba ne inda ake sa ran 2,000.

A wannan jadawali tazarar 112.47 ce a duk guraben huɗu, biyu sun haura, biyu sun gaza. In aka ninka ta da kanta ana samun kusan 12,650.

Matan da suka tsira: 12,650 ÷ 120.53 = 104.96
Matan da suka rasu: 12,650 ÷ 193.47 = 65.39
Mazan da suka tsira: 12,650 ÷ 221.47 = 57.12
Mazan da suka rasu: 12,650 ÷ 355.53 = 35.58

In aka tara huɗun, χ² = 263.05. Idan abin da aka gani ya yi daidai da abin da ake sa rai, χ² sifili ne. Iya nisan da suka yi da juna, iya girman lambar.

Mataki na 4: A ƙirga guraben 'yanci

Jadawali mai gurabe da yawa yakan tara χ² babba ko da babu alaƙa, domin kowane gurbi yana ƙara ɗan abin da dace ya kawo. Saboda haka sai an san girman jadawalin kafin a yanke hukunci. Ana auna shi da abin da manhajoji ke rubutawa df, wato guraben 'yanci: guraben da mutum zai iya cikewa yadda ya ga dama in an riga an kafa jimlolin gefe.

A jadawalin Titanic, da zarar an rubuta 233, sauran ukun sun fito da kansu: 314 − 233 = 81, sannan 342 − 233 = 109, haka har na ƙarshe. Gurbi ɗaya ne ke da 'yanci. Ƙa'idar: a cire ɗaya daga yawan layukan kwance, a cire ɗaya daga yawan layukan tsaye, a ninka su. A nan 1 × 1 = 1. Wannan shi ne wurin da Fisher ya yi wa Pearson gyara.

Mataki na 5: A yanke hukunci

Ana kwatanta χ² da wata iyaka da ta danganta da df. A ma'aunin 0.05, wanda aka fi amfani da shi, iyakokin su ne:

df 1: 3.84
df 2: 5.99
df 3: 7.81
df 4: 9.49

In χ² ya haura iyakar, an yi watsi da zaton babu alaƙa. Lambar 263.05 ta yi wa 3.84 fintinkau, don haka akwai alaƙa tsakanin jinsi da tsira a cikin waɗannan bayanai.

Manhajoji sukan ba da hukuncin ta wata lamba da ake kira p. Ma'anarta: in da gaske babu alaƙa, sau nawa dace kaɗai zai haifar da tazara mai girman wannan ko fiye? In p bai kai 0.05 ba, wato bai kai sau ɗaya cikin 20 ba, sai a ce da wuya dace ne. A lissafin Titanic, p ƙarami ne ƙwarai, akwai sifili 58 bayan ɗigo kafin a ga wata lamba.

Yadda ake yi a waya

A buɗe Google Sheets ko Excel. A rubuta 233 a B2, 81 a C2, 109 a B3, 468 a C3. A sa jimlolin layukan kwance a D2 da D3, na tsaye a B4 da C4, babbar jimla a D4. Sai a cike abin da ake sa rai:

B7: `=D2*B4/D4`
C7: `=D2*C4/D4`
B8: `=D3*B4/D4`
C8: `=D3*C4/D4`

A B10 a rubuta `=SUMPRODUCT((B2:C3-B7:C8)^2/B7:C8)` domin samun χ². A B11 a rubuta `=CHISQ.DIST.RT(B10,1)` domin samun p. Lambar 1 da ke ƙarshe ita ce df. Da yake p ɗin ya yi ƙanƙanta sosai, manhajar za ta iya nuna shi kamar 3.7E-59, ko ta nuna sifili kawai.

Masu koyon Python za su iya buɗe Google Colab a burauzar waya, ba sai sun sauke komai ba:

```
from scipy.stats import chi2_contingency
jadawali = [[233, 81], [109, 468]]
kai, p, df, zato = chi2_contingency(jadawali, correction=False)
print(kai, p, df)
```

In aka cire correction=False, amsar za ta koma 260.72. Ba kuskure ba ne. A jadawali mai gurabe huɗu, SciPy yana sa wani gyara da Frank Yates ya kawo a 1934, wanda ke ɗan rage lambar domin taka-tsantsan.

Inda ido ke ruɗuwa

Ga misali na koyo mai lambobin ƙaddarawa. A ɗauka mai haɗa manhaja yana gwada maɓallin rajista kala biyu. Ya nuna wa mutum 10 kore, 6 suka danna. Ya nuna wa wasu 10 shuɗi, 4 suka danna. Kashi 60 da kashi 40 ke nan, kuma da yawa a nan za su tsaya su ce kore ya yi nasara.

A bi matakan. Mutum 10 cikin 20 suka danna, don haka abin da ake sa rai 5 ne a kowane gurbi. Tazarar 1 ce, in aka ninka ta da kanta 1 ce, a raba da 5 a samu 0.2. Gurabe huɗu sun ba da 0.8. Bai kai 3.84 ba, kuma p kusan 0.37 ne. Wato ko da maɓallan biyu ba su da wani bambanci, fiye da sau ɗaya cikin uku za a ga irin wannan tazara.

Yanzu a ɗauka mutum 100 ne a kowane ɓangare, 60 suka danna kore, 40 suka danna shuɗi. Kason bai sauya ba. Amma abin da ake sa rai ya zama 50, tazarar 10, ninkinta 100, a raba da 50 a samu 2, gurabe huɗu su ba da 8. Wannan ya haura 3.84, p kuma bai kai 0.005 ba.

Kaso ɗaya, hukunci biyu. Yawan mutanen da aka ƙirga ne ya raba su. Saboda haka duk wanda aka kawo wa kaso cikin ɗari, tambayar farko da ta kamace shi ita ce: cikin mutum nawa? A kuma lura, gazawar gwajin farko ba ta nufin maɓallan daidai suke. Tana nufin shaidar ba ta isa ba tukuna, sai an ƙara mutane.

Abin da gwajin ba ya faɗa

Na farko, ba ya faɗin ƙarfin alaƙa. Kamar yadda aka gani, ninka yawan mutane sau goma ya ninka χ² sau goma. Kamfanin da ke da miliyoyin masu amfani zai iya samun p ƙarami a kan bambancin da bai taka kara ya karya ba. Domin auna ƙarfi ana amfani da ma'aunin V na Harald Cramér, wanda ke tsakanin 0 da 1. A jadawali mai gurabe huɗu, a raba χ² da babbar jimla, sannan a danna alamar √ a kalkuleta. Na Titanic: 263.05 ÷ 891 = 0.295, kuma √ ɗinsa 0.54 ne, alaƙa mai ƙarfi. Na maɓallan kuwa 0.2 ne, ko da mutum 20 ko da 200.

Na biyu, ba ya faɗin dalili. Lissafin ya nuna mata sun fi tsira, amma tarihi ne ya bayyana cewa an ba da umarnin a fara sa mata da yara a kwale-kwalen ceto. Wani lokaci ma dalilin da ya fara zuwa rai ba shi ne na gaskiya ba. A shekarar 1973, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, maza 8,442 da mata 4,321 sun nemi gurbin karatun gaba da digiri na farko. An ɗauki kusan kashi 44 na maza, da kusan kashi 35 na mata. Tazarar ta fi ƙarfin dace, kuma ta yi kama da nuna bambanci. Peter Bickel da abokan aikinsa suka bi bayanan sashe-sashe, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 1975. Sun gano cewa mata sun fi neman sassan da ke ɗaukar mutane kaɗan, maza kuma sun fi neman sassan da shigarsu ke da sauƙi. A yawancin sassan babu wata tazara mai ma'ana, kuma da aka yi la'akari da sashe, ɗan fifikon da ya rage wajen mata ya karkata. Kama da wane ba wane ba ne. Akwai abu na uku da ya ɓuya a bayan jadawalin, kuma kai-sikwaya ba ya ganin abin da ba a sa masa a jadawali ba.

Sharuɗɗan da ba a tsallakewa

A sa ainihin ƙirga, kada a sa kaso cikin ɗari. Wanda ya sa 60 da 40 alhali mutum 10-10 ya gwada, ya yaudari lissafin, zai samu 8 a maimakon 0.8.

Kowane mutum ya shiga gurbi ɗaya, sau ɗaya. In mutum guda ya danna talla sau 15, mutum ɗaya ne. Ƙirga dannawa a maimakon mutane yana kumbura sakamako.

Abin da ake sa rai kada ya gaza 5 a gurbi. Wannan ita ce ƙa'idar da aka saba bi. In ya gaza, a ƙara bayanai, ko a haɗe rukunan da suka yi kusa da juna, ko a yi amfani da gwajin Fisher na ƙananan jadawalai, wanda a SciPy sunansa fisher_exact.

A kula da yadda aka samo mutanen. Ƙuri'ar da aka yi a zauren WhatsApp guda tana magana ne a kan 'yan wannan zaure, komai kyan lissafin da aka yi mata.

A tsayar da tambaya kafin a duba bayanai. Ma'aunin 0.05 yana nufin ko babu alaƙa, kusan sau ɗaya cikin 20 gwajin zai ce akwai. Wanda ya gwada abubuwa 20 ya tsinci ɗayan da ya fito, mai yiwuwa dace ya tsinta.

Aikin gwaji

A wannan fayil na Kaggle akwai ajin tikitin kowane fasinja. A aji na ɗaya, 136 sun tsira, 80 sun rasu. A aji na biyu, 87 sun tsira, 97 sun rasu. A aji na uku, 119 sun tsira, 372 sun rasu.

Mai karatu ya shirya jadawalin, ya fitar da abin da ake sa rai a gurabe shida, ya lissafa χ², ya nemo df da iyakar da ta dace da shi. Wanda ya bi matakan daidai zai samu df 2 da χ² kusan 102.89. Bayan haka ya duba guraben ɗaya bayan ɗaya ya gano wanne ne ya fi ba da gudummawa a jimlar, kuma abin da aka gani a wurin ya haura abin da ake sa rai ne ko ya gaza. Daga ƙarshe ya raba fayil ɗin gida biyu, mata daban maza daban, ya sake gwajin a kowane gida, kamar yadda aka bi bayanan Berkeley sashe-sashe.